Dutsen Mil Arba'in

Direban gireda ne, motar gyaran hanya, shekara talatin yana aikin babbar hanya. Ya san ta tun tana jar ƙasa, tsofaffi kuma sun ce da can burtali ce ta fatake. Ranar da aka miƙar da kwanar bayan gada, ya ga tsohon dutsen mil a yashe, mai lamba arba'in. Ya ɗauko ya kafa a tsakar gida, wai matarsa ta riƙa wanki a kai.

"Shekara talatin, ladan ke nan?" in ji ta. Suka yi dariya.

Magariba ta kawo kai, gidan ya yi tsit, ko kaji ba motsi. Sai tsakuwa ta soma sauka, baƙa, irin ta titi, da zafinta. Ɗaya ta fasa fitila, ɗaya ta tsaga goshin matar. Autarsu ta ajiye wanke-wanke, ta miƙe, ta nufi katanga ta buga kai. Ta ja baya, ta sake bugawa. Uban ya riƙe ta, ta murɗe masa yatsu biyu suka karye.

Haka kullum magariba, har kwana uku. Katangar ta soma tsagewa, bayanta kuwa titi ne, manyan motoci na wucewa a guje. Ya san in ta faɗi, Auta ta tafi ke nan.

Ya kira malami. Malamin ya yi ta karatu har yarinyar ta sandare.

"Wane ne kai?" in ji malamin.

"Madugu," in ji wata tsohuwar murya daga bakinta. "Muna bin hanyar nan tun ba a haifi kakan mai ƙarfen nan ba. Kun sauya ta sau uku, muka koma bin duwatsunku. Gada, arba'in, sai gangare. Mun iso arba'in, mun tarar da bango."

"Shi ne za ku fasa da kan yarinya?"

"Da abin da muka samu. A rushe gidan, ko ta shige gaba."

Malamin ya ce, "Babu ko ɗaya. Za a mayar muku da dutsenku."

Sai Madugu ya kafa sharaɗi.

"Wanda ya ɗauke shi zai mayar. A bayansa, ba a mota ba."

Bawan Allah ya goya dutsen da zanin matarsa, ya bi tsohuwar hanya cikin ƙaya, jini na bin ƙafarsa. Da ya kafa shi, ya ji ana wuce shi, taku bayan taku, ga warin dabbobi, ba kowa a ido.

Ya dawo ya tarar da Auta zaune, an ɗaure mata kai.

"Baba, wa ya fasa wa Inna goshi?"

Ya so ya miƙe tsaye ya amsa. Gadon bayansa bai sake miƙewa ba har ya bar duniya.