Ruwan Sha'ir a Ɗakin Kakanni

Da hantsi Sufeto Bae ya isa tsohon gidan zuri'ar Gwak. Uwargida Seo, tsohuwar da ke riƙe da gidan tun rasuwar mijinta, ta kai shi rumbun takardu. Akwatuna uku sun yi ɓatan dabo, da takardun naɗin sarauta da rubuce-rubucen kakan da ya kafa gidan.

Kwaɗon ƙofar lafiya lau, ba a fasa ba.

"Wa ke da makulli?"

"Ƙanin mijina, Pil-su. Shi ke shanya su a inuwa bayan kowace damina. Ɗaya makullin yana ƙarƙashin matashin kaina."

Ɗanta Jae-hun, magajin gidan, wanda ya zo daga Seoul shekaranjiya, ya yi gyaran murya. "Ba son faɗa nake ba, Sufeto, amma Baffa ya jima yana hulɗa da dillalan kayan tarihi."

"Dillalai?" in ji Pil-su. "Ni da ko waya ba ni da ita? Yaro, a tsakar gidan nan na sha share maka majina."

Tsohuwar ta ƙi kallon ƙanin mijinta. Wannan ya fi ƙona masa rai, Sufeto ya lura.

A bayan gida akwai ɗakin kakanni. Doka ce, ba a fitar da ko takarda ɗaya sai an sanar da su da turare da abin sha. Gaban allon sunan kakan, Sufeto ya tarar da sabuwar tokar turare da kofin tagulla a rufe. Ɓarawon waje ba ya neman izini. Ya buɗe kofin, ya sansana, ya mayar da murfin.

Ya fito ya tambayi Pil-su, "Me ake zuba wa kakanku?"

"Giyar shinkafa mana, kamar ko'ina. Ni ɗa na biyu ne, daga waje nake rusunawa."

Sufeto ya dubi Jae-hun. "Kai fa, yaushe rabonka da ɗakin?"

"Tun Sabuwar Shekara," in ji Jae-hun.

"Uwargida, ruwan sha'ir na gani a kofin, ko tsami bai yi ba."

Tsohuwar ta dafa ginshiƙi. 

"Kakan bai taɓa shan giya ba, ruwan sha'ir ake zuba masa. Ana rufe kofin don kada dangi su yi surutu. Matar gida ce kawai ta sani, sai magaji." Ta juya ga ɗanta. "Da bakina na gaya maka, ranar da aka binne ubanka."

Jae-hun ya zauna a kan dakali.

"Ina akwatunan?" in ji Sufeto.

"Suna wurin wani dillali a garin Daegu." Jae-hun ya rufe fuska. "Inna, muddin takardun nan suna nan, dangi sai sun dawo da ni. In ƙare rayuwata ina shanya takarda kamar Baffa?"

"Shi ya sa ka miƙa ni ga 'yan sanda," in ji Pil-su a hankali.

Sufeto ya kama hannun Jae-hun ya tashe shi. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne yadda mutum zai ji kunyar matattu, ya kasa jin ta masu rai.

A bakin ƙofa Jae-hun ya waiwayo. "Inna..."

"Kakanni dai ka yi musu sallama," ta ce. "Ni kuwa hannu ka zura ƙarƙashin kaina ka ɗauki makulli."

Ta juya ga Pil-su, ta rusuna har ƙasa.