Ƙafar Hagun Badaru

Dum... dum... dum...

Tasalla ta saki ludayin furar da take damawa, ta kasa kunne. Baƙon da ya ji wannan ƙara bayan isha'i zai ce wani aljani mai ƙafa ɗaya ne ya fito shan iska a lungun Gangara. Ita kuwa ta san mai ita. Badaru ne, gwanin langar garin, wanda ba ya zuwa zance da ƙafa biyu, domin ya ce hanyar ma horo ce.

Ta gyara kallabi, ta ɗauko tabarma.

Ƙarar ta iso ƙofar gidansu. Ba ta tsaya ba.

Ta wuce...

Tasalla ta leƙa ta zaure da tabarma a hannu. Can ƙarshen lungu, a ƙofar gidan Alhaji Illo mai kai kaya Nijar, ta hango shi ya sauke ƙafarsa. Sai dariyar Lubna, ɗiyar Alhaji, ta taso siririya kamar kukan sauro.

Da safe ta tare shi a hanyar fili.

"Badaru, jiya ɓatan hanya ka yi?"

"Tasallata, ki saurare ni..."

"Kada ka sake ce mini taka! Mi yaf faru?"

"Baba ne. An kai mishi hotonki kina ihu bisa amalanke cikin maza. Ya ce ba a aje mai shela cikin gida."

"Wa yak kai mishi?"

Ya dubi ƙasa.

"Lubna ke nan. Tau ita da tas sayi waya mai ido uku ta buɗe shafi, wa'azi za ta yi da ita?"

"Alhaji ya ɗinka muna riguna, ya ba mu mota. 'Yan wasa sun ce ita za ta riƙa ɗaukar mu."

"Kai fa, mi kac ce?"

"Ban ce komi ba."

"Na gode. Shi niz zo ji."

Ta juya ba ta yi kuka ba. Idanunta sun bushe ƙamas, kuma ita kanta hakan ya ba ta tsoro.

Kafin Tasalla, langa wasan bayan gari ce, ba mai kallonta sai awaki da tsofaffin da suka gaji da zaman gindin bishiya. Kowa ya kama ƙafa ɗaya ta baya da hannu, ya yi tsalle da ɗayar, a yi ta bangazar juna. Wanda ya faɗi ko ya saki ƙafa ya fita. Kowane ɓangare yana da mutum guda da ake kira ruwa. In ya kai layin tokar da ke bayan abokan karawa, sun ci. In an kayar da shi, wasa ya ƙare. A gasar da garuruwan nan ke yi tsakaninsu, alƙali kaɗai ake raɗa wa sunan ruwa.

Ranar da ta fara nuna wasan kai tsaye ta wayarta, masu kallonta wanta ne da ke Agadas da wani mutum da bai taɓa rubuta komai ba. Sannu a hankali ta gane baƙo ba ya zama in bai san wanda zai kalla ba. Sai ta riƙa sauke waya kusa da ƙasa don a ji dirin ƙafafu. Ta raɗa wa 'yan wasa suna: wannan Zalɓe, wancan Turmi, ga Jaki-ba-linzami. Jim kaɗan sai ta ce, "Wanda yash shigo yanzu, maraba, ga abin da ake ciki." In za a yi karo kuma sai ta yi tsit. Amma abin da ya fi riƙe mutane shi ne tambayarta: "Ku canka, wane ne ruwa?" Direbobi a Legas da masu wankin mota a Libiya suka riƙa musu a ƙarƙashin hoton kamar gonar ubansu ake rabawa.

Ita ba ta taɓa canka ba, domin ta sani. Badaru ya faɗa mata wani yammaci, suna cin gyaɗa.

"In ni ne ruwa, da hagu nike tsayawa. Ta hi sauri, amma ta taɓa karyewa ina yaro. Ko Inna ba ta san ina dogara da ita ba. Ke ɗai, zumata."

Ranar karawa da 'yan Bafarawa a garin Isa, aka fara da wuri don kowa ya koma gida da sauran rana saboda rashin tsaro a hanya. Lubna na bisa motar ubanta da lema, rabin hoton da take nunawa fuskarta ce. Tasalla ta hau amalanken wani mai kankana, inda sabis ke kamawa, ta kunna tsohuwar wayarta mai tsagaggen gilashi.

Masu kallo suka kwararo kamar an buɗe dam.

"Kin dawo!"

"Waccan kwalliya take nuna mana!"

"Tasalla, wa ne ruwa yau?"

A gefen fili ta hango Na'Allah, tsohon mahaucin da ke horar da 'yan Bafarawa, ya manna waya a kunne. Ta san muryar wa yake saurare. Tun a mota take addu'ar ya saurara.

Alƙali ya busa usur. Badaru ya lanƙwasa ƙafar dama ya kama.

Ya tsaya da hagu.

Ya ɗago kai ya gan ta, ya yi mata ɗan murmushin nan na da. Saura ƙiris ta ce ku canka, kamar kullum.

"Angona! Nuna musu!" Lubna ta ƙwala daga bisa mota.

Tasalla ta matso da waya bakinta, ta yi magana a natse, kalma bayan kalma.

"Wanda yash shigo yanzu, maraba. Yau ba canke. Ku dubi mai jar riga na tsakiya, wanda yat tsaya da hagu. Shi ne ruwa. Kuma ƙafar nan ta taɓa karyewa."

Na'Allah ya sauke waya, ya sa yatsu a baki ya yi fito, ya nuna.

'Yan Bafarawa suka bar kowa suka yi kansa. Ya kauce wa na farko, ya zille wa na biyu, har layin toka ya rage taku kaɗan. Sai wani ƙato ya faɗo masa ta gefe da dukkan nauyinsa.

Ƙas!

Kamar an taka busasshen kara. Wayar ta ɗauki ƙarar tsaf, domin Tasalla ta sunkuyo daga bisa amalanke ta sauke ta kusa da ƙasa yadda ta saba. Zukata jajaye da fuskokin dariya suka yi ta tashi a kan gilashin, suna bi ta kan Badaru da ke birgima cikin toka.

Ba a yi mako ba Alhaji Illo ya aiko cewa a jinkirta maganar aure sai an ga yadda ƙafa ta yi. Lubna ta koma nuna ƙunshi da ɗaurin kallabi.

Tasalla ta dama fura da nono mai kyau, ta shiga mota zuwa Sabon Birni, gidan maɗorin da aka kwantar da shi. Ta same shi a zaure, ƙafar ɗaure da karare, yana kallon wani gizo-gizo na saƙa a azara.

"Sannu, Badaru."

"An nuna mini hoton. Muryarki ta hita da kyau."

"Ban zo ba da haƙuri ba."

"Na sani." Ya juyo ya dube ta. "Sadda nig gan ki bisa amalanke, zuciyata ta ce in sauya ƙafa. Nic ce a'a... Tasalla ce."

"Da ka sauya!"

"Kin huce?"

"Na so in ga ka faɗi gaban kowa, yadda kay yar da ni gaban kowa. Na gani. Ƙarar ce ban shirya mata ba..."

"Maɗori ya ce za ni taka, amma ba tsalle. Kawu za shi kai ni Maraɗi in zauna mishi shago."

Ta tura masa kwanon. Hawayen da suka ƙi zuwa tun ranar farko suka zubo.

"Sha, masoyi. Don Allah ko ludayi guda."

Ya daɗe yana kallon furar.

"Ni na fara cutar ki, na yarda. Kuma na yafe miki, Allah shaida. Amma ki koma da ita, zumata. Ba ta wuce mini maƙogwaro."

Ta rufe kwanon ta fito.

Ranar da aka wuce da shi Maraɗi, tana zaune tsakar gida kusa da mahaifiyarta da ke tsince wake. Waya na gefenta tana ta ƙyaftawa, baƙin mutane daga garuruwan da ba ta san sunansu ba suna tambayar yaushe za a sake irin wancan.

Inna Basira, maƙwabciyarsu, ta ɗora haɓa bisa katanga, ta dubi wayar, ta dubi yarinyar.

"Wai ni Tasalla, tun da kin karya shi, wa za ki nuna musu ran Juma'a?"

Mahaifiyar ta ci gaba da tsintar wakenta.