Bizar da Ba Ta da Ƙofar Dawowa

Ranar da Galih ya fara ganin Ratri, barci take yi a tsaye. A rumbun tattara lemo ne na bayan garin Mildura, da sanyin safiya. Bel ɗin injin yana ta gudu da lemo, hannunta yana tsince ruɓaɓɓu, idonta kuwa a rufe ruf. Ya turo keken kwalaye zai wuce, sai ya tsaya yana kallon ikon Allah.

"Mbak, in kin gama barcin a ara min matashin."

Ta buɗe ido ɗaya. "Mas, in ka gama surutun ka ɗauke kwalin nan, ya cika."

Mbak da Mas, haka ake kiran mace da namiji a ƙasarmu. Mu 'yan Indonesiya da muka zo ci-rani muke aiki a wurin ba mu ga alamar soyayya a nan ba, gajiya kawai muka gani. Dukkanmu da bizar hutu da aiki muka zo, kuma har yau ban haɗu da wanda ya ga hutun ba. Amma kafin lemo ya ƙare, sai ga su suna cin shinkafa da soyayyen tempe na waken suya a mazubi ɗaya. Yana ce mata Gimbiyar Barci, tana ce masa Mas Kwali. In an tashi ba su da ƙarfin hira, sai saƙon waya.

"Gimbiya, kin jiƙa hannun a ruwan ɗumi?"

"Na jiƙa. Yau har a sujada lemo nake gani. Kai fa bayan?"

"Yana nan, ya ce a gaishe ki."

Shekarar Galih ta ƙarshe ce, babu sauran sabuntawa. Burinsa makarantar koyon girki a Melbourne, bizarmu kuwa wata huɗu kacal ta yarda mutum ya yi karatu. Don haka kafin tasa ta ƙare ya nemi ta ɗalibai, aka ba shi ta jira. Kowa a rumbun ya san halin bizar jira: za ka zauna abinka har a yanke hukunci, amma ranar da ka sa ƙafa waje ta mutu, ba ka dawowa sai an amsa maka. Akwai irin wadda ke barin mutum ya je ya dawo, sai dai ita ma nema ake yi, a zauna jiranta.

Ita Ratri tana da sauran shekara guda. Suka tsara abinsu: bizarsa ta fito, ya fara karatu, sannan a yi maganar aure.

Mahaifinta, Pak Sumarno, manomin albasa ne a Brebes, can gida Indonesiya, kuma bai san da wannan tsarin ba. Da Ratri ta haɗa su ta bidiyo, ko gaisuwar Galih bai ƙarasa ji ba ya miƙa wa matarsa, wadda Ratri ke kira Ibu, wayar.

"Ni ba na ba hoto 'yata," in ji shi daga gefe. "Mai so ya zo da manyansa ya zauna a tabarmata, in ga yadda yake zama."

Ga kuma Danang, ɗan amininsa, ma'aikacin gwamnati mai mota da fansho a gaba. Dattawan gidan su Danang har sun lissafa ranar haihuwarsa da ta Ratri sun ce sun dace, sun tsayar da ranar zuwa tambayar aurenta a mako mai zuwa. Pak Sumarno ya ce ba zai yi mata dole ba, amma ba zai kori mutanen da suka tako gidansa ba saboda wanda bai taɓa gani ba.

A hutun shayi ta gaya wa Galih, suna zaune a kan kwalin da aka kife.

"Na gaji, Mas. Wallahi na gaji. Kai kana jiran biza, ni ina jiranka, Ibu tana kuka a waya kullum. Ban san ko ina da ƙarfin cewa a'a ba."

"Dek, ƙanwata, ki ba ni lokaci."

"Lokacin wa? Naka ma a hannun wasu yake."

Ya ɓare lemo ya miƙa mata, ta karɓa ba ta sha ba.

Ranar Litinin keken kwalayensa yana hannun wani. Mbak Yuli, abokiyar aikinmu wadda ba a raba ta da labari, ta ce ta gan shi da jaka a tashar motar Melbourne.

"Haka suke, 'yar nan. Da sun hango makaranta sai su manta da rumbu."

Ratri ta shiga bayi ta rubuta masa: "Da ka faɗa min ka haƙura, da na fi jin sauƙi. Ko sallama ban kai ba?"

Shiru. Ta wuni tana tsince lemo idonta biyu, abin da ba mu taɓa gani ba. Sai washegari da rana hoto ya shigo: tabarmar falon gidansu na Brebes, da gwiwoyin Galih a kai, da ƙafar kawunsa a gefe.

Ta kira shi nan take. "Bizar fitar ta fito ne?"

"Na nema, ba ta fito ba."

"Mas! Ka san ba za ka iya dawowa ba? Makarantar fa? Aikin fa?"

"Na sani. Da na faɗa miki ai hana ni za ki yi."

"Kai wawa ne, wallahi kai wawa ne."

"Na'am, Gimbiya."

Kuka take yi sosai, mu kuma muka yi kamar lemo ne ya sha mana kai.

Abin da ya faru a falon, mahaifiyarta ce ta ba ta labari. Pak Sumarno ya bar su zaune har shayi ya huce, sannan ya dubi Galih.

"'Yata ta ce ba ka da ikon fita daga ƙasar can. Ƙarya ta yi min?"

"A'a, Bapak. Fita kam ina iya fita. Komawar ce babu."

"Sai yaushe?"

"Sai sun amsa. Ƙila ma su ƙi."

"Kuma ka sani ka taho?"

"Ka ce in zo in zauna a tabarma."

Tsohon ya ce wa matarsa ta ɗumamo shayin, da yamma kuma ya saka rigar fita ya tafi ba amininsa haƙuri da kansa.

Kada a ɗauka daga nan komai ya yi daɗi. Ranar fara karatu ta zo ta wuce, makaranta ta ɗaga masa zuwa wani zangon. Wanda ya bar gida don ya zama mai girki a Melbourne ya koma ciran albasa a gonar surukinsa, bayan nan nasa yana ta aiko da gaisuwa. Ratri ta ƙarasa wa'adin aikinta, ta haɗa kayanta ta koma gida, ta bar mana mazubin shinkafar.

An ɗaura auren da hantsi a can, ya yi daidai da hutun tsakar ranarmu. Muka jingina waya da kwali, muka kewaye ta da safar hannu a aljihu. Har lokacin biza ba ta fito ba, sai dai ya sanar da hukuma cewa yanzu su biyu ne ke jira. Ana cikin doguwar addu'a muka ga kan amarya yana gangarowa a hankali, har ya sauka a kafaɗar ango. Pak Sumarno ya miƙa hannu zai taɓa ta, Galih ya girgiza kai.

"Bapak, a bar ta. Yau dai a zaune take yinsa."

Mbak Yuli ce ta fi kowa kuka. Muka shafa, muka ce Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya mai albarka, ya buɗe musu ƙofar in alheri ce, ya hutar da su gajiya. Sai aka kunna bel, kowa ya koma wurinsa.