Kwanon Kunu a Bakin Ƙofa

Dab da magariba na dawo daga bakala, wato kantin unguwa, da ledar burodi, sai na tarar da kwanon kunu a rufe a bakin ƙofarmu, nan unguwar Harra ta Yamma a Madina. Na buɗe, ga curin man shanu a tsakiya, na mayar da murfin.

Na san aikin Suhaila ne, 'yar ƙanena marigayi da nake riƙo. Ta daɗe manne da jawwal, wato wayar hannu, tana kallon bidiyon gumakan Turawan arewa na dā, tana karanta labaransu da aka juya Larabci. Na yi faɗa har na gaji, ta ce ilimi ne kawai.

"Ke! Uban wa ya ce ki ajiye wannan?"

Ta fito. Amma take ce mini, wato gwaggo a Larabce. "Ya Amma, wallahi da wasa na fara. Su can kunu da man shanu suke ajiye wa aljanin gida. Kullum da safe sai in tarar an suɗe kwanon."

"Kyanwa ce."

"Kyanwa tana mayar da murfi?" Ta rage murya. "An ce in ka fara ka daina, sai ya kashe saniyar da aka fi so a gidan."

Mu ba mu da saniya. Suhaila kaɗai gare ni.

Iska ta tsaya cak. Wani sanyi ya taso daga baƙaƙen duwatsun bayan gida, irin wanda ban taɓa ji a Madina ba. Warin jiƙaƙƙen bargo. Numfashi, daidai gwiwata.

Murfin ya motsa.

Suhaila ta dafe wuya, ta fara kakari.

Na tsorata, ba ƙarya, amma haushi ya fi yawa. A garin Manzo za a ɗora mini ciyar da aljani?

Na fizgi kwanon. Aka riƙe ɗaya gefen.

Na yi bismillah da ƙarfi, na fincike, na kafa kai.

Na shanye tas, har man.

"Ni na ci rabonka," na ce. "Sakar mini yarinya, ga ni nan."

Ladan ya ɗaga murya. Suhaila ta zube ƙasa tana shaƙar iska.

Ta goge bidiyon duka, ta yi istigfari. Ni kuwa tun ranar harshena bai ƙara jin ɗanɗanon komai ba. Kullum magariba ana ƙartar ƙofar nan daga ƙasa. Sai in jawo kujera in zauna, in sha kununa a gabansa, ko da ba na jin daɗinsa.