Kamu Biyu na Bututun Indararo

"Kamu biyu kawai nake so. Kuma kar ka ɗauka don kai na zo!"

Auta ce ta faɗa, tana tsaye a bakin filin gwangwan inda ake sayen tsoffin ƙarafa, idonta a kan sikeli don kada ya haɗu da na Dogo.

Dogo ya ajiye guduma. Wata huɗu rabon da ya ji muryarta, tun ranar da Baba ya ce ba zai ba da 'yarsa ga mutumin da ya kwance masa gida ya auna a sikeli ba.

"Kamu biyu na me, sanyin idona?"

"Bar wannan sunan. Bututun indararo nake nema. Na ƙarfe."

Ita dai Auta sana'ar hannu take yi, fitilun gwangwani da tukwanen fure. Shekara biyu ke nan da titi ya bi ta kan gidansu, suka koma haya a hawa na biyu na wani bene, inda ruwa zai wuni yana zuba ba ka ji ba. Baba kuwa idonsa ya daɗe da tafiya. A tsohon gida bututun da ke jikin tagarsa ne ke gaya masa an fara ruwa, shi ke fara ƙwala kira a kwashe shanya. Yanzu sai dai ya ji sanyi ya tambaya, "An yi ruwa ne?" Tambayar nan tana cin ran Auta ba kaɗan ba.

Shi ya sa ta ƙudura za ta haɗa masa abin wasa: guntun bututu, a kafa ƙusoshi a cikinsa, a zuba 'yan tsakuwoyi, a toshe baki biyu. In an karkata shi sai ya yi ƙarar ruwa.

Shago biyar ta shiga, kowa ya ce ba a yankawa, sai dai ta ɗauki guda sukutum. Mai Fenti, abokin Yaya Babba da ya nace mata kamar ƙuda, shi ya ba ta na roba kyauta, har da cewa ko mota guda take so magana ce ɗaya. Ta gwada. Ƙarar ta fito kamar ana zuba wake a bokiti.

Da ta gama bayani Dogo ya miƙe. Ya shige rumfa, ya fito da wani dogon abu naɗe a buhu, ya kwance.

Koren fenti...

Faci mai ƙusa uku a tsakiya...

Ta matso kusa.

"Wannan ai namu ne!"

"Naku ne. Ranar da muke kwance rufin na ji Baba yana cewa a bar masa indararonsa. Babu wanda ya waiwaya. Sai na cire shi na ajiye gefe."

"Shekara biyu? Me ya hana ka kawo?"

"Sau biyu na kai. Na farko Yayanki ya ce Baba ba ya son shara. Na biyu Mai Fenti na tarar a ƙofa, ya ce in daina wahalar da kaina, an riga an ba shi ke."

"Ƙarya yake, wallahi! To ni me ya sa ba ka gaya mini ba?"

"Kin toshe lambata, sanyin idona."

Wannan karon ba ta ce ya bar sunan ba. Ta ciro alli ta shata layi biyu.

"Yanka nan da nan. In ka taɓa facin, ni da kai ne."

Kwana uku ta yi tana aikin, har yatsunta suka yi kanta. Rana ta huɗu da hantsi ta shiga ɗakin Baba. Yaya Babba na zaune yana danna waya.

"Baba, miƙo hannunka."

Ta ɗora masa, ta karkata masa gefe ɗaya.

Shaaaa...

Baba ya ɗaga kai ya juya wajen taga. Sai yatsunsa suka fara bin ƙarfen, suka tsaya cak a kan facin. Ɗaya, biyu, uku, ya ƙirga ƙusoshin.

"Ni na buga waɗannan. Shekarar da aka haife ki, tsani ya zame ya fasa wurin." Ya shafa facin. "A ina kika samo?"

"Wurin Dogo. Bai sayar ba, Baba. Ya ji lokacin da ka ce a bar maka."

Yaya Babba ya yi wuf. "Baba, dabara ce kawai irin ta 'yan gwangwan..."

"Ya taɓa kawowa?"

Yaya Babba ya mai da ido kan wayarsa.

"Da kai nake. Ya taɓa kawowa?"

"To... na ga tarkace ne."

"Tarkace." Baba ya jinjina kai. "Ku biyar na haifa, duk kuna tsaye a wurin ranar. Na yi magana, baƙo ne ya ji ni. Ni kuma na zauna ina zaginsa. Na zalunci yaron nan."

Auta ta durƙusa, hawaye na zuba, ba ta ko share ba.

"Ki kira mini shi."

"Yana ƙasa, Baba. Da ragowar bututun a kafaɗa. Ya ce naka ne."

"Au! Kun ma shirya abinku ke nan." Baba ya yi dariya, irin wadda ba a ji ba tun da suka taso. "Ya hawo. Kai kuma je ka buɗe masa ƙofa da hannunka, tunda ka iya rufewa. In ya huta zan gaya masa ranar da zai kawo iyayensa."

Yaya Babba ya fita sum-sum.

Auta ta miƙe za ta leƙa matakala, Baba ya sake karkata bututun, ya kasa kunne har tsakuwar ƙarshe ta sauka.

"Auta!"

"Na'am, Baba?"

"Kwashe shanya. Ruwa ya sauko."