Gurun Kaka a Kan Ma'aunin Gyaɗa

A shekarar farin nan da gero bai ko fid da kai ba, akwai wani yaro a unguwar Kara-Kara ta Damagaram. Daga Zermu suka taso, shi da innarsa da ƙanwarsa Hadiza. Babansu ya tafi Kano neman abin da za a ci.

Yaron nan ba ya zama wuri ɗaya, sai ka ce an zuba masa cinnaku a wando. In an aike shi, da gudu. In ba a aike shi ba ma, da gudu. Shi ya sa Mushe Alkasum, malamin wasanni na lakwal ɗinsu, wato makarantar boko inda ake ce wa malami Mushe, ya sa shi cikin masu dogon tsere.

Saura wata biyu a yi babban tseren lakwal-lakwal, kuma yara biyar kawai za a ɗauka. Yaron nan ko barci yake, tseren yake mafarki.

Mushe ya aro ma'aunin wani mai sayen gyaɗa, tunda bana babu gyaɗar da za a auna. Kowace Alhamis sai ya auna yaransa.

"Ku ji da kyau," in ji shi. "A wasu wurare masu tsere rage ƙiba suke yi. Mu nan wace ƙiba gare mu? Kowa zan gaya masa nauyin da zai kai. Wanda bai kai ba, ba zai yi tsere ba. Ba zan kai ɗan mutane ya faɗi a hanya ba."

Ya dubi yaron. "Kai kilo talatin da biyu gare ka. Talatin da huɗu nake so."

Daga hatsin taimako da aka kawo lakwal, Mushe yakan ba kowane mai tsere curin fura kullum. Kowa ya dama ya sha. Shi ko gogan naka sai ya jefa nasa a aljihu, ya sheƙa gida. Hadiza ce ke jiran sa a bakin ƙofa, ta rame, idanu duk sun faɗa.

"Ka sha furarka jiya?" Mushe yakan tambaye shi.

"Na sha, Mushe. Har na lashe ƙwarya."

Amma ma'auni bai san ƙarya ba. Alhamis uku, allura ba ta motsa ba. Hankalin yaro ya tashi. Ya zauna, ya miƙe. Ya shiga ɗaki, ya fito. Can sai idonsa ya kai kan tsohon gurun kakansa, wato ɗamarar fatar nan da ake ɗaurawa a ƙugu don tsari. Ya ce a ransa, "Wa zai ce in cire gurun kaka?"

Ya farke ɗinkin, ya cusa guntayen ƙarfe da ya tsinto a maƙera, ya cike da rairayi. Ya ɗaura a ƙarƙashin riga.

Ranar Alhamis ya hau ma'auni. Talatin da huɗu cif!

"Ikon Allah!" in ji Mushe. "Kilo biyu a mako guda?" Ya dubi siraran ƙafafun yaron, ya dubi ƙugunsa. "Mene ne wannan?"

"Gurun kakana ne, Mushe. Ba a cire shi."

"To, madalla. Tunda ba a cire shi, da shi za ka yi gudu. Yau za mu zagaya duwatsu sau uku. Abin da ka hau ma'auni da shi, shi za ka kai ƙarshe."

Wayyo! Zagayen farko, ƙarfe yana dukan ƙugunsa, ƙwas, ƙwas. Zagaye na biyu, fatar ƙugunsa ta saluɓe. Abokin tserensa Tanimu, wanda bai taɓa wuce shi ba, ya zo ya wuce yana waiwaye. Yaron ya ji jiri. Ya durƙushe gindin wani dutse, sai kuka.

Ashe Mushe yana biye da shi a kan keke. Ya sauka, ya ba shi ruwa. Yaron ya kwance gurun da kansa, ya zazzage. Ƙarafa suka zube ƙasa.

"Ina furar take zuwa?" in ji Mushe.

"Ƙanwata nake kai wa. Sau ɗaya muke ci a gida."

Mushe ya ce, "Ba ƙanwarka abinci ba laifi ba ne, ɗana. Laifinka ƙaryar da ka yi mini. Kwana ashirin ina tambayar ka. Da ka faɗa, da tuni mun san dabara. Da ka faɗi a ranar tsere fa, me zan ce wa innarka?"

Da yamma suka je gida tare. Inna ta ga gurun a farke, ta riƙe haɓa. "Kai, yaron nan! Gurun kakanka ka mai da buhun maƙera?"

"Ki yi haƙuri, Inna," in ji shi, kansa a ƙasa.

Mushe ya ce, "Hadiza ta isa shiga lakwal. Ku kawo ta gobe, akwai kunu ga kowane ɗalibi. Kai kuma, a gabana za ka riƙa shan furarka. Gudu sau ɗaya a rana. Sauran lokaci ka zauna."

Zaman nan ya fi masa gudu wuya! Amma ya daure. Kullum ya sha, ya kifa ƙwarya a gaban Mushe.

Alhamis ta ƙarshe ya tuɓe riga tun ba a ce masa ba, ya hau ma'auni. Allura ta yi rawa, ta yi rawa, ta tsaya a kan talatin da huɗu.

"Wannan kam naka ne," in ji Mushe.

Ranar tsere shi ya zo na biyu. Hadiza tana bakin fili da allonta na lakwal, tana tsalle tana kiran, "Yayana ne! Yayana ne!"

Yara, in abu ya dame ku, ku gaya wa wanda ke kula da ku gaskiya. Ƙarya nauyi gare ta, kuma wanda ya ɗaura ta shi zai yi gudu da ita.