Makullin da ke Wuyan Alfred

Abin da Liya ta fara lura da shi ba fuskarsa ba ce, kofin shayinsa ne. Tun ƙarfe takwas ta gan shi a kan kwalin madara, ga shi har an yi la'asar yana nan cike, ya huce ƙalau.

Ranarta ta farko ke nan a kamfanin Alhaji Sammani, mai sarin kayan masarufi a Kasuwar Singa. An ɗauke ta ne ta kula da ma'aikata, don direbobi da masu lodi sun yi ta ajiye aiki.

"Malam, shayinka," ta ce ƙasa-ƙasa.

Ya juyo, idanunsa jajur, makullin sito rataye da igiya a wuyansa.

"Au, ban sha ba?" Ya yi dariya. "Sunana Alfred. Ke ce aka kawo ki rubuta sunayen malalata?"

"Masu gajiya nake rubutawa. Kai ne na farko."

Ta faɗa ta ji kunya, ta yi saurin barin wurin.

Cikin wata guda ta gane damuwar. Shekara shida Alfred kaɗai ke riƙe makullin. Ranar Juma'a shi ke tsayawa don abokan aikinsa su je masallaci. Ranar Lahadi kuma tirela ke isowa, sai a kira shi daga tsakiyar coci. Ba ya ƙorafi, don a kasuwa makulli shi ne amana.

Kullum sai ta kawo masa abinci, ta tsaya har ya ci. Daga nan aka koma saƙonni.

"Kin isa gida lafiya, Tauraruwata?"

"Na isa. Ka ci abincin yamma?"

"Zan ci."

"Wannan ba amsa ba ce, Mai Makulli."

Da magana ta yi nisa, mahaifinta, Baba Harrison, tsohon malamin makaranta mutumin Zariya da ke zaune a Sabon Gari, ya ce Alfred ya zo ya gan shi. Ranar farko tirela ta riƙe shi. Ta biyu ya zo cikin guga da turare, ya zauna a falo, Baba na tambayarsa danginsa, sai ga kan Alfred ya langaɓe. Barci, har da ɗan minshari.

"Ba ƙinsa nake ba, Liya," in ji Baba bayan ya tafi. "Amma mutumin da ba shi da rana ɗaya tasa, wace zai ba ki? Ga Sylvester ɗan abokina yana ta sintiri, ƙarfe huɗu yake tashi daga ofis. Zuwa ƙarshen wata, ko in ga canji ko in amsa wa mutanensa."

Liya ta zauna ta rubuta wa Alhaji rahoto, shafi biyu: a rage wa Alfred ɗaukar makulli shi kaɗai, a koya wa wani aikin, kowane ma'aikaci ya sami ranar hutu a mako.

Alhaji mutumin kirki ne, amma mai gaggawa. Layin farko kawai ya karanta, ya tashi ya nufi sito, a gaban masu lodi da 'yan sari ya miƙa hannu.

"Alfred, kawo makullin nan. Je ka gida."

A Singa ba a karɓe makulli a gaban jama'a sai daga wanda aka kama da hannu a kaya. Kafin magariba labari ya kai har unguwar Kwaciri.

Saƙon Alfred ya shigo wayar Liya: "Shekara shida ko ƙwayar ashana ban ɗauka ba. An ce ke kika rubuta. Na gode."

Ta kira, wayar a kashe.

Liya, wadda ko a aji ba ta taɓa ɗaga hannu ba, washegari ta tsaya gaban teburin Alhaji.

"Alhaji, don Allah ka karanta sauran. Hutu na roƙa masa, amma kasuwa ta ce ɓarawo ne."

Alhaji ya sa tabarau ya karanta har ƙarshe, ya dafe kai.

"Innalillahi! Ni fa alheri na nufa, 'yar nan. Yaron da na ba dukiyata na yi barci, shi na hana barci, na kuma ɓata masa suna?"

Da kansa ya ɗauko Alfred a mota. Ya tara ma'aikata a ƙofar sito, ya ba shi haƙuri da babbar murya yadda maƙwabta za su ji. Sannan ya fito da makulli biyu, ya rataya masa ɗaya, ya damƙa masa ɗayan.

"Kai za ka zaɓi wanda ka yarda da shi."

Alfred ya daɗe yana kallon makullin, sannan ya miƙa wa Khalifa, babban direbansu.

"Ka tsaya mana Juma'a shekara shida," in ji Khalifa. "Lahadi tawa ce daga yau. In na sake ganinka a nan ranar, da tsintsiya zan kore ka."

Aka kwashe da dariya. Aka manna jadawalin hutu a bango, sunan kowa da ranarsa. Alfred ya sami hutun mako guda, kwana biyun farko barci ya yi. Rana ta uku wayar Liya ta yi ƙara.

"Tauraruwata, ki yafe mini. Yau na sha shayi da zafinsa. Ashe haka yake da daɗi."

Ta karanta sau uku, ta kifa kai a tebur tana dariya da hawaye.

Lahadi uku a jere Baba ya ga Alfred a coci tun daga waƙar farko har addu'ar tashi. Da Alfred ya sake zuwa gidan, Baba ya dube shi ta saman tabarau.

"In sa a kawo maka filo, ko yau za mu yi magana?"

"Za mu yi magana, Baba."

An ɗaura auren a Sabon Gari wata Asabar. A wurin liyafa Alhaji Sammani na zaune kusa da Baba cikin babbar riga. Baba ya ɗora hannu a kan ango da amarya.

"Ubangiji ya albarkace ku, ya ba ku aiki, ya kuma ba ku hutu. Ya sa gidanku ya zama wurin ajiye gajiya."

"Amin!" zauren ya ɗauka.

Sai wayar Alfred ta fara rawa a kan tebur. Liya ta ga sunan, direban tirela ne. Hannun Alfred ya tafi wuyansa kamar yadda ya saba, bai tarar da komai ba sai kwalar riga. Ta kama hannun ta riƙe.

Khalifa, da ke zaune kusa da su, ya ajiye cokalinsa, ya ɗauki wayar, ya shafa makullin da ke aljihunsa, ya bi ta bayan masu rawa ya fita.